Ƙaho-Huɗu a Bakin Ƙaramin Ɗaki

Litinin, ƙarfe goma na safe

Kwana uku ke nan ina kan gado. Likita ta ce in kwanta ta gefen hagu, kada in tashi sai dai zuwa banɗaki, kada in ɗaga ko da buta ce. Na tambaye ta har zuwa yaushe, ta ce mu riƙa ƙirga kwana, mu bar maganar wata tukuna. To, yau sati ashirin da huɗu da kwana ɗaya. Ɗan hayan da ke cikina yana nan, yana juyinsa, bai san an yi masa dokar ta-ɓaci ba.

Gefen hagu yana nufin bango da rabin taga, ƙofa kuma tana bayana. Duk abin da ake yi a gidan nan da kunne nake ganinsa.

Umma, mahaifiyar maigida, ta iso jiya da jaka biyu da matashin kanta. Shekara shida da aurenmu, ni da ita ba mu taɓa yin kwana uku a jere a gida ɗaya ba, kuma ban taɓa sanin me take tunani a kaina ba. Da na yunƙura zan gaishe ta sai ta ɗaga mini hannu, ta ce ita ba gaisuwa ta zo karɓa ba, ta zo ne ta hana ni tashi.

Shugabar makarantarmu ta yarda in ci gaba da darasin lissafi na yamma da 'yan ajin ƙarshe ta bidiyo, ƙarfe biyar. Su goma sha ɗaya ne, jarrabawarsu saura sati biyar, kuma tun suna aji ɗaya nake riƙe da su. Ba zan miƙa su ga wani a bakin ƙofa ba. Matsalar ita ce intanet. Na faiba ne, yana gudu kamar me, amma farin akwatin kamfani da rautarsu, wato na'urar da ke watsa shi cikin gida, duk suna cikin ƙaramin ɗaki, ƙofa a rufe, bango biyu tsakaninmu. A kan gadon nan sanda ɗaya ta ƙarfin intanet nake samu a waya, ita ma sai na miƙa hannu sama. Sabis ɗin waya kuwa bai taɓa shigowa ɗakin nan ba.

Yaya ya ce in kwantar da hankalina, yana da rautar da ta fi ta kamfani ƙarfi, zai aiko.

Talata, ƙarfe shida saura

Ta iso. Baƙa ce, mai faɗi, da eriya huɗu a tsaye. Umma ta kawo mini ita har gado in gani, ta juya ta gaba da baya, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin dabba mai ƙaho huɗu ba sai yau. Sunan ya zauna.

Maigida ya dawo daga kantin magani ya naɗe hannun riga. Mutumin da ko ƙwan fitila zai canza sai ya karanta takardar da ke cikin kwalin. Ya ce a baranda zai ajiye ta, daidai ƙofar ɗakina, don ƙarfin ya shigo mini kai tsaye. Kebul ɗin da zai haɗa ta da akwatin kamfani ya yi gajarta, sai ya kwance akwatin daga bango ya fito da shi baranda, siririyar wayar nan mai ruwan ɗorawa tana biye da shi daga cikin ɗakin. Na ji ya ja ƙofar ya rufe.

Sanda huɗu cif a wayata. Na yi murna har na tafa. Na buɗe shafi, babu komai. Ƙarfi ya zo, intanet bai biyo shi ba.

Na rubuta wa yara aikin gida a takarda, ya fita bakin titi ya ɗauki hotonta ya tura musu.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Umma ta ba ni mamaki. Ta sa tabarau ta durƙusa gaban Ƙaho-Huɗu, ta daɗe, sannan ta leƙo ta ce ramuka biyar ne a bayanta, huɗu kala ɗaya, ɗaya shuɗi shi kaɗai a gefe, kuma Dogo (haka take kiran ɗanta) ya cusa kebul ɗin a cikin 'yan huɗun. Ta ce a kowane allo, ramin da ya bambanta da sauran shi ne na layin da ke shigowa daga waje.

Na ce a ina ta san wannan? Ta dube ni ta saman tabarau. Ashe aikin da ta yi a gidan waya ba sayar da kan sarki ba ne kamar yadda na ɗauka duk shekarun nan. Shekara ashirin da shida tana zaune gaban allon haɗa waya, abu a kunne, tana zare wannan igiya tana cusa waccan, tana haɗa mutanen da ba ta taɓa gani ba. Ta ce akwai lokacin da ta haddace lamba ɗari bakwai. Na ji kunya ƙwarai. Ban taɓa tambaya ba.

Ta mayar da kebul ramin shuɗi. Fitilar gaban ta bar ja ta koma ruwan goro. Ba kore ba dai, amma an matsa.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Na shiga shafin rautar da kwamfuta, ina kwance, allon a karkace. Tana neman sunan shiga da kalmar sirri na layinmu, waɗanda kamfani ne kaɗai ke da su, suna ɓoye a cikin tasu rautar. Dole a kira su, kiran kuma ba ya shiga sai a bakin tagar falo. Don haka Umma ce a waya, ni ina ɗaga murya daga ɗaki.

Minti ashirin muna jin kiɗan jira. Da aka ɗauka, wata yarinya mai murya a natse ta ce su ba sa ba da taimako a kan rautar da ba tasu ba. Na zaci magana ta ƙare. Sai na ji Umma ta gyara zama. Ba ta yi faɗa ba ko kaɗan. Ta tambayi yarinyar tun ƙarfe nawa take kan kujera, ko an ba ta hutun cin abinci, ko abin kunnen yana matse mata kunnen hagu, don nata haka ya yi mata shekara da shekaru. Sai da suka yi hira sosai sannan ta ce:

"'Yata, ba gyara na ce ki yi mana ba. Makullin gidanmu ne a hannunku, shi kawai za ki karanto mini."

Ta karanto. Umma ta rubuta a ɗan littafinta, tana maimaita kowane harafi, tana tambayar babba ne ko ƙarami, sifili ne ko wasalin o. Na shigar sau uku. Ruwan goro.

Umma ta raɗa wa yarinyar suna Mai Murya. Ta ce da a zamaninsu ne da ta yi nisa.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Ban ji motsi ba tun da na tashi.

Juma'a, ƙarfe goma da kwata

Umma ta ba ni ruwan sanyi ta zauna bakin gado, tana ta gyara bakin zanin gadon da babu abin da ya same shi. Can sai ga shura, mai kyau, har biyu. Malalacin banza, barci yake yi. Ashirin da huɗu da biyar.

Asabar, ƙarfe goma sha biyu

Kore.

Yaya ya kira da safe, na yi masa bayani ta bakin Umma. Ya ce ya manta, akwai wata lamba kuma, 'yar gajera, wadda ke nuna wa kamfani ta wace hanya layinmu yake bi. Rautarsu ta san ta tun daga haihuwa, Ƙaho-Huɗu kuwa baƙuwa ce, sai an gaya mata. Umma ta sake kira. Namiji ne ya ɗauka, ta yi masa godiya ta kashe, ta sake kira, ta sake, har sai da ta faɗa kan Mai Murya. Lamba uku ce kacal. Na nemo inda ake sa ta a can ƙasan shafi, na danna, rautar ta mutu ta tashi.

Daga baranda Umma take ba ni labari kamar mai sharhin ƙwallo: ja, ja, ruwan goro, yana ƙiftawa, yana ƙiftawa. Sai wayata ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa, saƙonnin kwana biyar suna ta zubowa. Umma ta shigo tana taka rawa a hankali da kafaɗa, tabarau a goshi. Na yi dariya har na riƙe cikina na ce ta bari, likita ta hana.

Mun kira ƙanwarta ta bidiyo. Rabin hirar goshin Umma kawai ake gani.

Asabar, ƙarfe uku

Maigida ya dawo ƙarfe biyu, muka tare shi da albishir. Ya ajiye jaka, ya wanke hannu, ya zo ya ciro waya. Babu. Fitila ta koma ruwan goro, kuma ga wata ja a jikin farin akwatin kamfani. Yana ta kallonmu kamar waɗanda suka haɗa baki. Na nuna masa saƙonnin da suka shigo. Umma ta ce ai na'urar tsoronsa take ji, tunda shi ya fara cusa mata abu inda bai dace ba.

Litinin, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Da safe lafiya lau, har na sauke takardun jarrabawar bara gaba ɗaya. Ƙarfe biyar saura, ina gyara ɗankwali don yara, ya ɗauke. Yara goma sha ɗaya suna jira, ni ina kallon bango. Na yi kuka kaɗan, ba don intanet ba ne ma. Maigida ya fita titi da takarda kamar kullum.

Ashirin da biyar da ɗaya.

Talata, ƙarfe shida da minti goma

Na ga yarana. Tayar maigida ta yi faci a hanya, ya makara, kuma abin bai ɗauke ba. Umma ta tokare kwamfutar da matashi biyu a gefen gado. Da fuskokinsu suka bayyana sai na ga duk sun karkatar da kai gefe guda, don a kwance suke ganina. Wadda muke kira Sarkin Tambaya ta ce, Malama, yau a kusurwa casa'in za a yi darasin? Ajin ya fashe da dariya. Ba wanda ya tambayi me ya same ni, na san shugaba ta ja musu kunne.

Minti arba'in muka yi a kan lissafin da ke ba su wuya. Ina rubutu a takarda ina ɗagawa, Umma tana riƙe mini ɗaya gefen. Na manta da bango, na manta da ƙirga. Ana tsakiyar tambaya ta biyar na ji sallamar maigida, ba a yi minti biyu ba fuskokin suka daskare.

Ya tsaya bakin ƙofa da hannu duk baƙin taya, ya ce shi fa ya fara yarda da maganar Umma.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Mai Murya ta gwada layinmu daga can wajensu da safe, ta ce ba abin da ya same shi, haske yana isowa yadda ya kamata, wataƙila dai baƙuwar rautar ce. Umma ba ta ji daɗin wannan ba, ta riga ta ɗauki Ƙaho-Huɗu kamar 'yar riƙo, har goge mata ƙura take yi.

Da yamma da abin ya ɗauke, maigida ya yi dabara mai kyau, dole in ba shi wannan. Ya cire Ƙaho-Huɗu ya mayar da tsohuwar rautar kamfani a wurinta. Ita ma shiru, jar fitilar tana nan a jikin akwati. Ke nan laifin ba na baƙuwa ba ne. Umma ta ce dama ta faɗa. Ba ta faɗa ba, amma ba wanda ya yi musu.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Asibiti. Na kwanta a kujerar baya, maigida yana tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai a faranti, ana ta yi masa ham. Likita ta auna, ta saurara, ta sake aunawa, ta ce komai yana inda ta bar shi. Ta ce in ci gaba da lalacin nan, na iya shi. Na ga sama, na ga masu sayar da lemo, na ga wani kare yana barci a kan tulin yashi. Duniya tana da kyau idan an kwana goma sha uku ba a gan ta ba.

Juma'a, da hantsi

Ba abin rubutawa. Kore. Umma tana waƙa a wani wuri cikin gidan, ina jin ƙamshin sabulun wanki.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Maigida yana gida tun safe, intanet kuwa ko sau ɗaya bai leƙo ba. Ya kashe ya kunna. Ya canza soket. Ya canza kebul. Ya juya ƙahonin gabas da yamma. Daga ƙarshe ya samo tsinken sakace ya danna wani ɗan rami a bayanta, wai ya karanta cewa hakan yana warware komai. Ya warware kuwa: sunan shiga, kalmar sirri, lambar nan mai uku, duk sun goge.

Sannan na ji Umma ta ce, Dogo, miƙo mini jakata. Ta ciro ɗan littafinta. Komai yana ciki, har da ranar da aka faɗa da lokacin. Shi yana karantowa, ni ina shigarwa, ita tana gyara masa babba da ƙarami. Mutum mai shekara talatin da takwas ana ce masa sake karantawa.

Daga baya ya zo ya zauna a ƙasa, ya jingina da gadon, ya ce abu ɗaya tak aka ce ya yi mini ya kasa. Na ce ba abu ɗaya ba ne, shi ke juya ni, shi ke wanke mini kai. Ya ce waɗannan ba sa ƙirguwa. Na sa hannunsa inda ɗan haya yake buga ƙwallo.

Sati ashirin da shida. A irin wannan satin ne na rasa wancan cikin. Shi ma ya sani.

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya

Malamar lissafi ce ni, abin kunya ne in zauna ina cewa na'ura tana tsoron mutum. Na ja layi a bayan littafin nan, na bi shafukan baya na fitar da lokutan. Intanet yana zuwa wajen ƙarfe takwas da rabi, bayan maigida ya fita. Yana tafiya minti biyu ko uku bayan ya dawo. Asabar ƙarfe biyu. Talata shida saura ashirin. Lahadi bai zo ba sam.

Me yake yi a minti biyun farko? Yana sallama, yana ajiye jaka, yana wanke hannu. Akwai wani abu kuma tsakanin jakar da wanke hannun.

Na san mene ne. Ƙofar ƙaramin ɗakin nan tana da wani ƙara, siriri, kamar kukan mage. Kullum da safe ina jinsa sau ɗaya, da yamma sau ɗaya. Tun ranar farko nake ji, ban dai rubuta ba.

Litinin, ƙarfe biyar

Babu darasi. Na ji ƙaran.

Talata, ƙarfe goma sha biyu da rabi

Umma ta kawo mini shayi, na ce ta zauna. Na daɗe ina juya cokali kafin na tambaye ta me take yi a ƙaramin ɗaki da safe.

Ba ta ɓoye ba. Ta ce ɗaki ba ya son rufi, ta tarar har bango ya fara wari. Tana buɗe taga, tana share ƙasa, ta fito da kayan jarirai da ke cikin durowa ta wanke su kaɗan-kaɗan tana shanyawa a ciki, ta ninke kafin Dogo ya dawo. Shi kuma da ya shigo, kafin ya cire takalmi, sai ya ja ƙofar ya danna ta da kafaɗa, don ba ta shiga sai an danna. Ta ce ta so ta tambaye ni izini, ta ga ba ta san ta inda za ta fara ba.

Na ce shekara biyu ke nan ban taka ɗakin ba.

Ta ce ta sani. Ta dubi hannunta, sannan ta ce:

"Kafin Dogo sau uku na ninke irin kayan nan na mayar cikin akwati. Na ukun, washegari na koma aiki, ina haɗa wa mutane waya suna yi wa juna barka. Ba wanda na gaya wa, ko shi bai sani ba. Da naki ya faru na so in zo, sai na ji tsoron in buɗe baki in fi ki kuka."

Ni kuma duk tsawon nan na ɗauka shirunta fushi ne. Na gaya mata haka. Ta ce yau ga sakarai biyu a gida ɗaya. Muka yi abin da take tsoron, mu biyu, har shayin ya huce. Ta share mini fuska da bakin mayafinta, ta ce ya isa haka, kada mu tayar wa ɗan haya da hankali.

Sai na ce ta je ta rufe ƙofar, ta danna kamar yadda yake yi, ta gaya mini abin da ta gani. Na ji ƙaran. Ta ce ja. Na ce ta buɗe. Muka jira kamar minti ɗaya, ta ce kore. Rufe, ja. Buɗe, kore. Ta durƙusa ta duba, ta ce ga ta nan, siririyar wayar ta bi ta gefen da ƙofar ke naɗewa, in an rufe sai ta lanƙwashe kamar gwiwar hannu. Sati biyu muna zargin kamfani, muna zargin Ƙaho-Huɗu. Sau biyar ta yi, na huɗu da na biyar don jin daɗi ne kawai.

Talata, ƙarfe shida da rabi

Ya yi sallama, ya ajiye jaka. Na ɗaga murya na ce ya bar ta a buɗe.

Ya zo bakin ƙofata ya tsaya. Umma ta yi masa bayanin wayar, har da nuni da gwiwar hannunta. Ya zauna a kujera ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa, na kasa gane dariya ce ko ɗayan, ina jin duka biyun ne. Ya ce shi ke nan, ashe da gaske shi ne. Ya ce yana rufewa ne don kada in je banɗaki idona ya faɗa ciki. Na ce ai ni ma kaina nake sunkuyarwa in na zo wucewa, ko a buɗe take ko a rufe ban sani ba.

Na ce ya juya ni dama, minti ɗaya kawai. Ya juya ni. Daga nan ana hango rabin ɗakin. Labulen ya koɗe kaɗan. Ɗan gadon yana nan inda ya haɗa shi, har yanzu ƙafa ɗaya da kwali a ƙarƙashinta. Umma ta ɗaura igiya daga taga zuwa ƙusa, ga 'yan safa a jere, ƙanana kamar na wasa, rana tana dukansu. Na zaci wani abu zai fashe a ƙirjina. Ɗaki ne kawai, mai haske, an share shi.

Darasi awa ɗaya cur. Maigida ne ya riƙe takarda yau. Sarkin Tambaya ta ce hannun Malama ya yi gashi.

Laraba, ƙarfe goma da rabi

Umma ta kira Mai Murya ta ba ta labari tun daga farko, na ji yarinyar tana dariya har daga ɗaki. Ta turo mana ma'aikaci, wani dattijo mai furfura da jakar kayan aiki. Ya ce wayar nan gilashi ce a ciki, siririya kamar gashi, haske ne ke bi, in ta lanƙwashe sosai sai hasken ya zube a hanya. Ya ce sa'a muka yi ba ta karye ba. Ya tambayi wa ya ciro akwatin daga bango, Umma ta ce wani ne, ba ya nan.

Ya canza wayar, ya mayar da akwatin mazauninsa, ya jawo dogon kebul ta saman ƙofa ya kafe shi da 'yan ƙusoshi har zuwa wajen Ƙaho-Huɗu. Ya rufe ƙofar ya buɗe sau uku, kore ba ta ko ƙifta ba. Ya ce yanzu ko da guduma za a rufe ta babu ruwan intanet. Ya duba rautar ya ce ta fi tasu, amma kada a ce shi ya faɗa.

Da ya tafi ba wanda ya tashi ya rufe.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Ashirin da shida da huɗu. Maigida ya ce ba zai je kanti ba, na ce ya tafi, zamansa zai sa in riƙa kallon fuskarsa.

Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya

Wancan karon war haka muna cikin mota zuwa asibiti.

Yana motsi.

Alhamis, ƙarfe biyu

Umma ta jawo kujera ta ce in koya mata yadda ake neman abu a intanet. Ta nemi hoton irin allon da ta yi aiki a kai, muka samu. Awa biyu tana nuna mini wace igiya ke zuwa ina, da yadda ake gane mai kiran da zai yi rigima tun daga numfashinsa. Na san abin da take yi, na bar ta ta yi. Maigida ya kira sau shida, ta bidiyo, wai yana gwada layi ne.

Alhamis, ƙarfe shida da kwata

An yi darasi. Tara cikin goma sha ɗaya sun ci tambayar da ta kayar da su wancan satin. Rana ta kusa faɗuwa. Yana motsi.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Ashirin da shida da biyar. Ban taɓa zuwa nan ba.

Likita ta matsar da ganinmu zuwa yau. Ta ce kada in ɗauka an gama, akwai sauran kwanciya mai yawa, sati goma in da hali, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Na ce na ji. Tana yawo da na'urar hoto a kan cikina sai ta tsaya, ta ce yau an juyo mata sosai, ina so in sani? Sau biyun baya da ta tambaya na ce a'a. Satin da ya wuce ma na ce a'a. Na dubi maigida, ya dubi Umma, Umma ta dubi silin.

Na ce ina so.

A hanyar dawowa sai da ya tsaya gefen titi ya kifa kai a sitiyari, Umma tana bubbuga bayansa tana cewa, Dogo, ka tare wa mai lemo gaban teburi. Ya sauka ya sayo lemon da ba mu san yadda za mu yi da shi ba.

Ashe sati uku ina ce mata malalaci, ina ce mata ɗan haya, ba ta ce komai ba.

Mace ce. Ina da 'ya. Na rubuta, na daɗe ina kallon rubutun. 'Yata tana shurina a ƙarƙashin haƙarƙari yanzu haka, da ƙarfinta, har biro yana gocewa. Bari in ajiye, Umma ta shigo da faranti, ta ce sai na shanye guda huɗu kafin ta bar ɗakin.